Daga Montreal zuwa Damagaram da jan ganye a jikin jaka

Na bar Montreal a makon farko na watan Janairu, lokacin da sanyi ke daskarar da ruwa a kan titi, da nufin yin mako uku a Damagaram wajen mahaifiyata, wadda rabona da ita shekara huɗu cur. Aikina a can jinya ne a sashen gaggawa na wani asibiti, kuma ban da kewar gida, abin da ya ƙara gaggauta tafiyar shi ne wayar da ƙanwata ta yi mini a kan ɗanta na fari, wanda aka kama da ƙullin wiwi a aljihu har ya yi watanni a gidan kaso. Cewa ta yi, “Yaya, kai da kake ƙasar da aka ce gwamnati da kanta ke sayar da abin nan, ka zo ka yi masa magana, wataƙila ya ji taka.” Har na isa filin jirgi ina juya maganar a raina, domin ta yi kama da roƙo, ta kuma yi kama da gori.

A filin jirgin akwai allunan gargaɗi da Faransanci da Ingilishi da ke tunatar da matafiya cewa, ko da yake doka ta yarda da wiwi a cikin Kanada tun ranar 17 ga Oktoba 2018, ƙetare iyaka da ita laifi ne, fita ko shigowa, ko da ƙasar da mutum ya nufa ita ma ta yarda da ita. Ban taɓa kusantar abin ba, amma sai da na koma gefe na zazzage jakar goyona aljihu bayan aljihu, saboda na tuna wani abokin aiki ya taɓa aronta. Baƙar jaka ce, an ɗinka mata jan ganyen tutar Kanada a baya, kuma ban san ganyen nan zai ja mini magana a hanya ba.

Na yi jiran sa'o'i da dama a Casablanca. Wanda ya zauna kusa da ni ɗan arewacin Maroko ne, daga yankin duwatsun Rif, inda aka daɗe ana noman wiwi kaka da kakanni. Ya yi mini bayanin dokarsu ta 2021, wadda ta ba manoman larduna uku, wato Al Hoceima da Chefchaouen da Taounate, damar noma ta da lasisi domin magani da masana'antu, ba domin sha ba, ya kuma ambaci afuwar da Sarki Muhammad na shida ya yi a watan Agustan 2024 ga mutum fiye da 4,800 da ake tuhuma ko aka ɗaure a kan noman. Abin da ya fi faranta masa rai ba kuɗin ba ne, cewa ya yi yanzu dattijo na iya sauka daga dutse ya je gari yin takardar ɗan ƙasa ba tare da yana waige-waige ba.

Na sauka Yamai cikin dare, na kwana biyu a gidan wani abokin ƙuruciya, sannan na yanki tikitin babbar motar fasinja a kan jaka goma sha biyu ta kuɗin sefa, ban da kuɗin kaya. Mun tashi kafin asuba, muka yi salla a hanya, kuma har muka wuce Dosso ba abin da na gani sai hazo da bayan kujera.

Bayan Dogondutsi ne muka tsaya a wani shinge, aka ce kowa ya sauko da takardarsa a hannu. Jandarman da ya karɓi tawa matashi ne mai fara'a, ya duba ta, ya dubi jakata, sai ya kira abokin aikinsa ya nuna masa jan ganyen da yatsa. Ya ce, “Malam, wannan ba shi ne ganyen ba? Har a jaka kuke manna shi?” Na yi masa bayani cewa ganyen wata bishiya ce da ake tatsar ruwanta a dafa ya zama kamar zuma, kuma shi ne a tutar ƙasar tun 1965, tun ba a yi mafarkin wannan doka ba. Ya yi dariya, amma duk da haka ya buɗe jakar, ya shinshina kwalin shayin da na kawo wa tsohuwa, ya karanta takardun magungunan hawan jininta ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsa ba, domin hanyar nan ba ta fasinja da albasa kaɗai ba ce. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 na ƙaron wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai, kayan da suka taso daga Labanan, suka bi ta tashar ruwan Lome, aka nufi Libiya da su. Wanda ke tsaron irin wannan hanya dole ya zargi ko da ganyen shayi.

Wannan ɗan binciken ya sa duk motar ta san daga inda na fito. Da muka tsaya cin abinci a Birnin Ƙonni, inda na ci shinkafa da wake da soyayyar zabuwa a kan jaka ɗaya da rabi, wani Alhaji mai fataucin wake da albasa ya nemi yaron da ke kusa da ni su yi musayar kujera, kuma daga nan har Maraɗi bai bar ni na rintsa ba. Shi ba ruwansa da hayaƙi ko lafiya, tambayarsa ɗaya ce: nawa gwamnati ke samu? Na gaya masa cewa harajin da ake ɗorawa dala ɗaya ce ta Kanada a kan kowane giram, ko kashi 10 cikin ɗari na farashin, duk wanda ya fi yawa, kuma kashi uku cikin huɗu na larduna ne, ɗaya na gwamnatin tarayya. A lardin Kebek inda nake, kantunan ma na gwamnati ne, kamfanin SQDC ke tafiyar da su, kuma ana ware wani ɓangare na ribar domin rigakafi da bincike. Idanun Alhaji suka yi haske, ya fara lissafin fadamun Madawa da Galmi da muke wucewa, yana cewa albasa kan ruɓe a rumbu amma wannan ba ya ruɓewa.

Sai na ba shi ɗaya rabin labarin. A shekarun farko masu kuɗi sun yi rububin zuba jari, aka gina manyan gidajen gilashi na noma, aka noma fiye da abin da kasuwa za ta iya ɗauka, farashi ya faɗi, aka lalata tarin kayan da ba su sami mai saye ba, kamfanoni suka rufe gonaki suka sallami dubban ma'aikata. Ƙaramin manomi bai ga komai ba, domin sharuɗɗan lasisi da na tsaro da na gwaji sun fi ƙarfin aljihunsa. Kasuwar bayan fage kuma ba ta mutu ba; binciken ma'aikatar lafiya ta Kanada ya nuna cewa bayan shekara biyar, kimanin bakwai cikin goma na masu sha ne ke saye ta hanyar da doka ta yarda. Alhaji ya yi shiru har muka wuce Gidan Rumji, sannan ya faɗi maganar da ta fi duk wadda na ji a tafiyar nan nauyi. Ya ce tun 2011 muke da matatar mai a Damagaram, ga gidajen mai da lasisi da famfo, amma shekara nawa 'yan ruwa-ruwa suka yi suna sayar da fetur a kwalba a bakin titi ba wanda ya iya hana su? Wanda bai iya tattara kwalaben fetur ba, ta yaya zai tattara ƙulle-ƙullen ganye ya karɓi haraji a kansu? A Maraɗi ya sauka, ya bar mini goro biyu.

Daga Tasawa zuwa Takeita barci na yi, na farka mun doshi Tirmini, kuma bayan isha muka shiga Damagaram, kusan kilomita 900 daga Yamai, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura su. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki da tocila a hannu, ta haska fuskata ta ce na rame, abin da take faɗa ko da na yi ƙiba. Aka kawo fura da nono, aka biyo da tuwon gero miyar kuka, washegari kuma maƙwabta suka yi ta aiko da alkaki har kwanuka suka ƙare. Abin da bai sake ba shi ne ruwa. Famfon gidanmu da ke Birni sai tsakar dare yake kawowa, in ya ga dama, saura kuma sai 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki, kuma duk lokacin da na ga ana auna ruwan wanka da na wanke-wanke sai in tuna lissafin Alhaji. Lambunan Mirya da na Matamaye, waɗanda ke ciyar da garin nan da kayan miya da rake, da ruwa kaɗan suke rayuwa, kuma da za a kawo shukar da ta fi su kuɗi, na san wadda za a fara yi wa ban ruwa.

Sai a kwana na uku ɗan ƙanwata ya yarda muka haɗu. Shekararsa goma sha tara, dogo ne, ya yi baƙi, leɓɓansa sun bushe, kuma bai iya zama wuri ɗaya ba tare da yana kaɗa ƙafa ba. Ya durƙusa ya ce, “Kawu, sannu da hanya,” ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Maimakon faɗa sai na ce ya kai ni fadarsu in sha shayi. Benci biyu ne da tabarma a gindin wani dutse, da ɗan murhun gawayi, da ƙarfen ɗagawa da aka haɗa da gwangwanayen siminti. Ba su cikin ƙungiyoyin nan da ake kira palais, waɗanda suka yi suna a unguwanni irin su Kara-Kara, amma zamansu iri ɗaya ne: daga hantsi zuwa dare, babu makaranta, babu aiki, sai shayi na ɗaya da na biyu da na uku. Da suka ji ɗan Kanada ne ya zo, aka yi mini caa da tambayoyi, wani na cewa ya ji har 'yan sanda ke kunna wa mutum, wani na cewa kyauta ake rabawa a asibiti.

Na kwatanta musu kantin da nake wucewa kullum in zan tafi aiki. Ba talla a jikinsa, ba a ganin kayan daga waje, akwai mai gadi a ƙofa da ke duba takardar shekaru, kuma a Kebek sai mai shekara 21 tun daga farkon 2020, alhali a yawancin larduna 19 ne. Ba a yarda mutum ya riƙe fiye da giram 30 a bainar jama'a ba, kowane ƙunshi an rubuta ƙarfin sinadarin THC da ke cikinsa, wato abin da ke bugarwa, tare da gargaɗi a kan launin rawaya, kuma mai sayar wa yaro yana iya shan ɗauri mai tsawo. Na tambaye su nasu fa, suka ce ƙulli dala ashirin ta kuɗinmu, mai sayarwa ba ya tambayar shekarun kowa, kuma ba wanda ya san abin da aka cuɗa a ciki. Mafi yawansu ma ba wiwi kaɗai suke sha ba, da tramol ake haɗawa, ƙananan kuma sholisho suke shaƙa a tsumma.

Da muka tashi, yaron ya raka ni, muna tafe ta bayan fadar Sarkin Damagaram ya yi mini tambayar da na san tun ɗazu take cinsa. Ya ce, “Kawu, da a can ne, da an kulle ni?” Na gaya masa gaskiya, cewa da shekarunsa kanti ba zai sayar masa ba, in kuma an same shi da ɗan ƙulli tara za a ci shi, ba kaso ba. Ya ce kafin a kama shi yana koyon gyaran babur, da ya fito maigidan ya ce ba ya ɗaukar wanda ya kwana a kaso, kuma a can ciki ne ya fara haɗiyar tramol, a can ya san manyan dillalan da a da sai dai ya ji sunansu. A nan dole in yarda cewa dokar Kanada ta yi wani abin kirki. Kamun mutane a kan ɗan abin da suka riƙe ya ragu ƙwarai, kuma a 2019 aka buɗe hanyar rufe wannan tabo a takardun waɗanda aka taɓa hukuntawa, ba tare da sun biya kuɗi ba. Watannin da yaron nan ya yi a kulle ba su raba shi da komai ba sai sana'arsa.

Ranar Alhamis, bayan na zaga Kasuwar Dole na sayi kilishi da takalman fata na tsaraba, na ziyarci wani abokin karatuna da ke aikin jinya a garin, muka kwatanta abin da kowannenmu ke gani. Na ba shi labarin samarin da ake kawo mana da amai ba ƙaƙƙautawa, waɗanda ba sa samun sauƙi sai sun tsaya ƙarƙashin ruwan zafi, ciwon da ke kama masu sha kullum na tsawon shekaru. Na gaya masa yadda ake kawo wasu suna jin muryoyi, suna zargin iyayensu da zuba musu guba, galibi waɗanda suka fara da ƙuruciya kuma suke shan mai ƙarfi, domin wiwin yau ta ninka ta shekarun baya ƙarfi. An daɗe da sanin cewa kusan ɗaya cikin goma na masu sha kan kamu har su kasa bari, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa kusan ɗaya cikin shida. Akwai kuma ƙananan yara. Da aka yarda da alewa da cakulan masu wiwi a ƙarshen 2019, asibitoci sun ga ƙaruwar yaran da suka tsinci kayan iyayensu suka cinye, kuma ƙaruwar ta fi yawa a lardunan da suka bari a sayar da alewar fiye da Kebek da ta hana. Yawan masu sha bai yi tashin gwauron zabon da aka ji tsoro ba, amma ya ɗaga, daga kusan kashi 22 cikin ɗari a 2018 zuwa kusan 26 bayan shekara biyar.

Abokina ya saurara, sannan ya ce bambancin shi ne ni ina da inda zan tura su. Na san gaskiya ya faɗa: in saurayi ya rikice a hannuna, akwai likitan ƙwaƙwalwa da zan kira a daren, akwai gado, akwai magani da inshorar gwamnati, akwai mai bibiyarsa bayan an sallame shi. A nan, kafin a kai yaro asibiti an zaga da shi wajen masu ruƙiyya da masu turare, wani ma an sa masa mari, kuma in an rubuta magani iyaye ne za su saya wata bayan wata. Muna cikin wannan magana aka wuce da wani ɗan kabu-kabu da ya kife da fasinjarsa, ba hular kwano a kan ko ɗayansu. A Kanada an tsara dokar tuƙi tare da ta wiwi a shekara ɗaya, aka ƙayyade yawan THC da in aka same shi a jinin mai tuƙi ya zama laifi, aka ba 'yan sanda na'urar gwada yawu da horo na musamman, kuma duk da haka har yau ana fama da masu tuƙi a buge. Na dubi baburan da ke kai da komo a gabanmu, na rasa ta inda za a fara irin wannan gwaji.

Kafin in tafi na je gaida ƙanin mahaifina, malami ne mai almajirai a Zango. Ya ce, “Ɗana, da gaske ne mutanenku sun halatta abin maye?” Na ce, “Allah gafarta Malam, ba halattawa suka yi ba, don ba su da wannan iko. Hukuncin kaso suka ɗage, suka mai da cinikin hannun hukuma.” Sai a lokacin na lura cewa kalmar da muke amfani da ita a Hausa ita ce ke hargitsa zancen tun kafin a fara, domin da an ce halatta, kunnen Musulmi halal yake ji. Malam ya kawo hadisin da ya ce duk mai sa maye haramun ne, na ce ba ni da ja. Ya tambaye ni to mene ne nawa ra'ayin, tunda na ga can na ga nan. Na ce ban ga dalilin buɗe kantin wiwi a Damagaram ba, domin abin da ya riƙe dokar Kanada, duk da ramukanta, shi ne ɗakunan gwaji da masu duba kantuna da asibitoci da harajin da ake iya bin sawunsa, kuma ƙasar Tailan da ta saki abin a 2022 ba tare da ta shirya waɗannan ba ta sha wahalar kamo bakin zaren. Amma kuma ban ga amfanin cusa yaro mai ƙulli ɗaya cikin manyan masu laifi ba, alhali masu tan-tan na neman hanyarsu ta hamada. Na fi son a kai irinsa wajen magani da koyon sana'a, a bar kaso ga dillalai. Malam bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, ya dai ce in turo masa yaron ranar Juma'a.

Sauran kwanakin sun tafi a gaishe-gaishe da zaman makoki biyu da suna ɗaya. Na sami wani mai garejin babura da ya yarda ya ɗauki yaron bisa sharaɗin gwaji na wata uku, na biya jaka talatin na kayan aiki, abokina kuma ya yi alkawarin ganinsa duk mako biyu a kan maganar tramol, wadda ta fi damuna fiye da ganyen. Daren da zan tafi yaron ya roƙe ni jakar goyon, ya ce zai riƙa zuba sufanu da filaya a ciki, na juye kayana a buhu na ba shi. Uwarsa ta karɓe ta daga hannunsa, ta zauna a ƙarƙashin fitila da reza, ta bi zaren jan ganyen tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ba za a sake tsayar mata da ɗa a hanya saboda ganye ba, ko na tuta ne. Da ƙarfe uku da rabi na dare ya goya ni a babur ɗin maƙwabci zuwa tasha, buhuna a gabansa, jakar a bayansa da tabon zare inda ganyen yake, ya tsaya a bakin ƙofa har motar Yamai ta tashi.